Yadda Ake Shirin Tafiya Aiki Saudiyya Tun Daga Gida

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa filin jirgin Malam Aminu Kano ya san yadda ranar take. An naɗe jakunkuna da leda, an cusa yaji da kuka a kowane lungu, mahaifiya na gefe tana ta addu'a, ƙanne na ɗaukar hoto. Ni ma haka aka raka ni. A shekarun da na yi ina aiki a Riyad kuwa, mafi yawan wahalar da na ga 'yan'uwanmu sun sha, daga gida suka taho da ita: takardar da ba a karanta ba, sunan da bai daidaita ba, bashin da aka baro a baya ba a rubuta ba. Shi ya sa zan jero shirin nan bisa yadda ya kamata ya biyo juna, domin wanda ya sayar da gona kafin ya ga kwantiragi ya riga ya fara daga ƙarshe.

Ka fara sanin da wace biza za ka shiga

Ga mai zuwa aiki, bizar aiki ce ake mayarwa igama, wato katin izinin zama. Bizar Umara da ta ziyara ba a aiki da su, kuma da zarar wa'adinsu ya cika ka zama mai wasan ɓuya da askarawa. In aka kama ka, tara ce da tsarewa a tarhil, wato gidan da ake ajiye waɗanda za a kora daga ƙasar, sannan a dawo da kai gida a hana ka komawa. Duk ejan ɗin da ya ce maka "kai dai ka shiga, a can ake gyara komai", ka riƙe kuɗinka ka tashi.

Akwai kuma wadda ake tallatawa da cewa kafili, wato mai ɗaukar aikin da ya tsaya maka ka shiga ƙasar, zai sake ka ka nemi aikin kanka, kana ba shi wani abu duk wata. Dokar ƙasar ba ta san da wannan ba. Ranar da kuka saɓa, zai iya kai rahoton cewa ka gudu daga aiki, abin da ake kira hurub, daga nan kuwa komai naka ya tsaya.

Ka tambayi ejan lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ka je ofishinsa da ƙafarka tare da wani babba. Ka kuma san cewa a dokar ƙwadago ta Saudiyya, kuɗin ɗauko ma'aikaci da na igama da na izinin aiki da sabunta su, da tikitin komawa gida in kwantiragi ya ƙare, duk a wuyan mai ɗaukar aiki suke. To in aka yanka maka miliyoyi, ka nemi a rubuta maka na mene ne, ɗaya bayan ɗaya, a ba ka rasit.

Kwantiragi: a nan za ka zauna ka daɗe

Kada ka biya kowa kuɗi mai nauyi kafin kwantiragi ya zo hannunka. In ya zo da Larabci da Turanci, na Larabcin kotu za ta duba in an samu saɓani. Saboda haka ka nemi wanda ya san Larabcin ofis, irin wanda ya yi karatu a Madina ko Alƙahira ko Khartum, ku zauna ya karanta maka layi-layi. Ka ba shi na shayi, ya cancanta.

Abin da za ka fara nema shi ne sana'ar da aka rubuta maka, wadda Larabawa ke kira mihna. Ita za a buga a igamarka. Na san wanda aka yi wa alkawarin aikin lantarki a kamfani, ya isa ya tarar makiyayi aka rubuta masa, aka ɗauke shi a mota zuwa cikin sahara wajen raƙuma. Bambancin ba ƙarami ba ne. Sauyin da aka yi wa tsarin kafala a watan Maris na 2021 ya ba ma'aikacin kamfani damar sauya wurin aiki bayan shekara ɗaya, da neman bizar fita da dawowa ba sai da sa hannun kafili ba. Amma bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba.

'Yar'uwa mai shirin tafiya aikatau, wannan maganar taki ce fiye da kowa. Aikin cikin gida ƙofa ce da ake rufewa a bayanki. Ki tabbata an yi kwantiraginki ta Musaned, manhajar gwamnatin Saudiyya ta ɗaukar masu aikin gida, ki san sunan garin da na mai gidan, ki bar wa iyayenki kwafi. In ejan ya ce ki ɓoye wa mutanen gida, ko ya ce za a bi da ke ta wata ƙasa tukuna, ki kai maganar ofishin NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane.

Ma'aikacin kamfani kuma ta manhajar Qiwa ake rajistar kwantiraginsa, abin da ke ciki shi ne hujja. Ka duba albashi nawa ne tsabarsa, gida da mota da abinci na wane ne. Dokar ta ce aiki sa'a 8 ne a rana, 48 a mako, a Ramadan kuma Musulmi sa'a 6 yake yi. Hutun shekara kwana 21 ne, ya koma 30 bayan shekara biyar. Lokacin gwaji na iya kaiwa kwana 180, kuma a cikinsa ana iya sallamarka ba tare da wata doguwar magana ba. Kuɗin sallama rabin albashin wata ne a kan kowace shekara cikin biyar ɗin farko, cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan. Wanda ya ajiye aiki da kansa kafin ya cika shekara biyu ba ya samun komai daga ciki.

Sai lissafi. Riyal 3.75 ne dala ɗaya, haka yake tun 1986. Albashin riyal 1,500 dala 400 ke nan. In ka mayar da shi naira zai cika maka ido, to amma a can za ka ci abinci, ka sayi katin waya, ka hau mota. Ka cire waɗannan tukuna, abin da ya rage shi ne za ka yi wa iyali alkawari a kansa.

Takardu, da maganar suna

Fasfo Hukumar Shige da Fice ke bayarwa, kuma sai da lambar NIN. Akwai mai shafi 32 na shekara biyar, akwai mai shafi 64 na shekara goma. In da hali ka yi na goman, ka huta da neman sabuntawa a ƙasar mutane. In kana da tsoho, kada ka nemi biza da wanda saura ƙasa da wata shida ya ƙare.

Ka ɗauko duk takardunka ka shimfiɗa a tabarma: fasfo, NIN, takardar haihuwa, sakamakon sakandare, difloma ko digiri. Ka duba sunanka a kowace. Mu Hausawa nan ne muke tuntuɓe. A wata Muhammad, a wata Mohammed. A wata sunan mahaifi ne a ƙarshe, a wata sunan garinku. Ni a difloma ta sunan garinmu aka sa, a fasfo kuma sunan kakana. Mako shida na yi ina zirga-zirga tsakanin kotu da makaranta ina neman takardar rantsuwa da wasiƙar da za ta ce mutum ɗaya ne, kamfanin kuma yana ta aiko saƙo ko na fasa ne. Ranar haihuwa ma haka. Ka gyara tun ba wanda ke jiranka.

Takardun karatu sai an buga musu hatimi a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin Saudiyya. Likita da nas da mai aikin ɗakin gwaji suna da ƙarin zango: kamfanin DataFlow zai tuntuɓi makarantarka ya tabbatar da takardarka, ka zauna jarrabawar Prometric, ka yi rajista da hukumar ma'aikatan lafiya ta Saudiyya ta Mumaris Plus. Ka je ofishin rajistara na makarantarku da kanka ka sanar da su saƙo na zuwa, in ba haka ba zai iya yin watanni ba wanda ya buɗe shi. Ka nemi takardar shaidar hali daga 'yan sanda ma, ana yawan tambayarta.

Mai niyyar ɗauko iyali daga baya ya nemi takardar aure tun yanzu. Yawancinmu an ɗaura a ƙofar gida, an raba goro da alawa, ba a rubuta komai ba. Ka je kotu da shaidu a ba ka. Yara kuma a karɓo musu takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Sai dai ka sani, ba kowace mihna ake yarda ta ɗauko iyali ba, kuma ma'aikacin kamfani na biyan riyal 400 duk wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa. Mata ɗaya da 'ya'ya uku, riyal 1,600 ke nan kafin a yi maganar haya.

Ka gwada jininka kafin a gwada ka

Za a tura ka asibitin da ofishin jakadanci ya amince da shi a duba ciwon hanta, da ƙanjamau, da tarin fuka ta hoton ƙirji. Shawarata ita ce ka je wani asibiti da kuɗinka ka yi wannan gwajin tun kafin ka ba ejan ko sisi. Ciwon hanta yana da yawa a cikinmu, mutum na yawo da shi shekaru bai sani ba. Kada kuma ka sayi sakamakon ƙarya, domin za a sake gwada ka a can kafin a ba ka igama, in ya fito sai jirgi. Katin rigakafin zazzaɓin shawara kuma ka karɓa a ofishin lafiya na filin jirgi, a yi maka allurar da gaske, aƙalla kwana goma kafin tafiya.

Gidan da za ka bari

Ka nemi yardar iyaye, ka zauna da matarka ku yi magana ta gaskiya: shekara nawa, yaushe ne hutun farko, wa zai riƙa kai yaro asibiti in dare ya yi. Ita ce za ta ɗauki nauyin rashinka, hakkinta ne ta sani kafin 'yan majalisarku su sani.

Ka bar musu abinci da kuɗin cefane na wata uku. Kafili na da har kwana 90 kafin ya fitar maka da igama, kuma galibi sai da ita ake buɗe asusun banki. Albashin farko kan yi jinkiri, ciki kuwa ba ya jira.

Ka sayi littafi ka rubuta wanda kake bi da wanda ke bin ka, har adashen da ba ka gama zubi ba, a sa hannu gaban shaidu biyu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ka rubuta wasiyya ma. Mutane na jin nauyin wannan kamar kiran mutuwa ne, alhali hadisin Ibn Umar ya nuna bai dace Musulmi mai abin da zai yi wasiyya a kansa ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. In kana da fili ko shago, ka naɗa wakili ɗaya tak ta hannun lauya, a fayyace abin da zai iya yi da wanda ba zai iya ba. Karɓar haya daban, sayarwa daban. Gona kuwa, in ba dole ba, ka bayar da ita aro ko haya. Kwantiragi yana da wa'adi, kuma nan za ka dawo.

Layin wayarka na gida shi ne makullin asusunka. Wani dare a ɗakinmu, abokin zamana ya samu labarin an kwantar da mahaifiyarsa. Akwai kuɗi a asusunsa na Najeriya, amma lambar sirrin da banki ke turowa tana tafiya layin da ya bari a aljihun wata tsohuwar riga a gida, kamfanin waya kuma ya riga ya rufe shi. Sai da muka yi karo-karo. Ka je banki kafin tafiya ka haɗa asusunka da imel, ka tabbata manhajar na aiki, ka buɗe wa layin damar aiki a waje, ka riƙa sa masa kati lokaci-lokaci.

Jaka

Kai za ka shirya ta, kai za ka kulle ta, ka tsaya har a auna ta a liƙa mata lamba, ka ƙirga lambobin da aka ba ka su yi daidai da yawan jakunkunanka. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗalibar jami'a daga Kano a Madina, saboda wata jaka ɗauke da tiramadol da aka liƙa wa sunanta a filin jirgi ba da saninta ba. Sai a watan Afrilun 2019 aka sake ta, bayan an gano waɗanda suka yi aikin. Hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya kisa ne. Kada ka karɓi saƙon kowa a rufe, ko na surukinka ne. Ka ce a buɗe ka gani.

Goro haramtacce ne a can. Laya da guru da ƙullin garin magani ka bar su a gida, domin ana iya ɗaukar su a matsayin sihiri, laifin da ba sa wasa da shi. Mai shan maganin hawan jini ko na sukari ya tafi da shi a kwalinsa, da takardar likita. Ka ɗauki rigar sanyi mai kauri, sanyin Riyad da Tabuk a watan Janairu ya fi hunturun da ka sani. Soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin namu, cajarka za ta yi. Ka canji riyal kaɗan na kashewar makonnin farko tun daga gida.

Ka ɗauki hoton kowace takarda ka tura wa imel ɗinka, ka bar kwafi ɗaya a hannun wanda ka yarda da shi a gida. Asalin takardun su zauna a jakar hannu. Lambar ofishin jakadancin Najeriya da ke Riyad da ta ƙaramin ofishin da ke Jidda, da ta kafili da adireshin wurin aiki, ka rubuta su da biro a takarda ka sa a aljihu, saboda waya na iya mutuwa a layin shige da fice. In ka isa, kamfani zai karɓi fasfonka don aikin igama. Da zarar ta fito ka nemi a dawo maka da shi, doka ba ta ba kafili ikon riƙe shi ba. A ranar ka buɗe Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya mai ɗauke da bayanan igamarka, ka duba mihnar da aka buga a katin ko ita ce wadda aka karanta maka a gida.