Kurakuran da aka fi yi wajen sauraron waƙoƙin tsuntsayen kurmin tsauni

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, mai karatu ma da kunnen gidansu yake saurare. Ɗalibi a Yamai ko Tawa da aka miƙa wa waƙa kan tsuntsun da ke zaune cikin kurmi a kan tsauni, ta Hausa ce ko wadda aka juyo daga Faransanci ko Larabci, yakan ɗora ta kan dajin da ya sani, sai rabin ma'anarta ya zube tun kafin a kai baiti na uku.

Kuskure na farko yana cikin kalmar hazo. A Adar, in an ce hazo, ƙurar hunturu ce busasshiya mai fasa leɓe. Duwatsun Keita da Buza kuwa ƙaya ce da sabara, kana iya hango tsuntsu daga nesa. Kurmin tsauni dabam yake. Ɗauki Ngel Nyaki a tudun Mambila ta jihar Taraba, wanda ke tsakanin mita 1400 da 1600, ko dajin Kilum-Ijim a tsaunin Oku na Kamaru mai mita 3011. Can gajimare ne ke saukowa ya kwanta cikin itatuwa, ganye na ɗigar ruwa ko ba a yi sama ba, rassa sun haɗe har rana ba ta isa ƙasa sosai. A irin wannan wuri sau da yawa murya kawai za ka ji, mai ita yana ɓoye. Shi ya sa mawaƙin kurmi ke cika baitocinsa da sauti, ya yi rowar launi. Mai karatun da ya ce waƙar ta gaza don ba ta siffanta gashin tsuntsun ba, ya zalunce ta. Gyaran shi ne ka bi waƙar da alƙalami, ka ja layi ɗaya ƙarƙashin duk kalmar ji, layi biyu ƙarƙashin duk kalmar gani. In na ji sun rinjaya, mawaƙin yana tsakiyar kurmi. In na gani sun fi yawa, yana bakin daji ko kan dutse, kuma daga nan ya kamata ka tsaya ka kalla.

Sai kalmar kuka, wadda ta fi kowace yaudarar Bahaushe. Mu da kalma ɗaya muke faɗin abin da jariri ke yi da abin da kanari ke yi. Saboda haka da an karanta "tsuntsu na kuka", sai a yanke cewa jigon baƙin ciki ne. Alhali yawancin abin da tsuntsaye ke rerawa da asuba, namiji ne ke shelar iyakar wurinsa ko neman mace. Kafin ka rubuta cewa jigon waƙa makoki ne, nemi shaida biyu aƙalla ban da kalmar kuka, kamar ambaton rabuwa, ko sheƙa da ba kowa ciki, ko faɗuwar rana. In babu, bar kukan a matsayin kira.

Sunan tsuntsu wuri ne da ya kamata a daɗe a kai. Masu fassara sukan ga tsuntsun da Faransawa ke kira rossignol su rubuta kanari, don duka biyun suna da zaƙin murya. To amma kanari a wurinmu ɗan keji ne, ana rataye shi a zaure ko bakin shago. Wancan kuwa ƙaramin tsuntsu ne mai ruwan ƙasa, marar ado, mai ɓuya cikin duhuwa, yana rerawa da dare a watannin Afrilu da Mayu a Turai. Da an sa kanari, an shigo da keji cikin waƙar da ke maganar ƴanci da kaɗaici. Abin ban sha'awa, wannan tsuntsu a Afirka kudu da Sahara yake cin sanyin hunturunsa, wato yana ratsa irin ƙasarmu ba tare da mun lura ba. Haka ma tsuntsun da Faransawa ke kira coucou, wanda kiransa ke sanar da Turawa shigowar bazararsu, yana zuwa Afirka amma kusan shiru yake yi a nan. Yana ajiye ƙwansa a sheƙar wani tsuntsu, kuma wani ɗan uwansa mai ɗige-ɗige a sheƙar hankaka yake ajiye nasa, abin da ke tuna wa mutum kirarin hankaka mai da ɗan wani naka. In tsuntsun ba shi da suna a Hausa, a bar masa na asali a ƙara siffa guda, ya fi a ara masa rigar wani.

Ko cikin namu akwai ruɗani. Hazbiya tsuntsuwar duwatsu ce da giginya da dogayen gine-gine, babba, mai jan zobe a ido, muryarta kakkaura. Kurciya ƙarama ce, ta saba da tsakar gida. Kazar dutse ita da makwarwa ba abu ɗaya ba ne: kazar dutse tana ɗaga wutsiya kamar kazar gida, tana yawo cikin ƙaramin garke a kan duwatsu, kuma tare suke fito da safe da maraice. Mawaƙin da ya ce kazar dutse ya riga ya faɗa maka wuri da lokaci cikin kalma biyu.

Kada kuma a zaci kyawun gashi na tafiya da zaƙin murya. Tsuntsun turako na kurmin Oku, wanda ake soka jan gashinsa a hular manya don girmamawa, muryarsa gwaf-gwaf take kamar haushi. In mawaƙi ya haɗa jan fiffike da kakkausar murya, gaskiyar tsuntsun ya faɗa.

Lokaci ma ana tsallake shi. Shamuwa tana isowa garuruwanmu wajen Afrilu zuwa Mayu, gab da damina, ta yi sheƙa a manyan itatuwan gari, ta koma kudu bayan kaka. Duk Ba'adare ya san in waƙa ta ambaci shamuwa, zancen shuka ne da sa rai. Kowace ƙasa tana da irin wannan agogo. Ka rubuta abu huɗu a gefen takarda kafin ka taɓa jigo: sunan tsuntsu, wurin da yake, wata ko yanayi, da sa'ar yini. Wanda waƙar ba ta faɗa ba, ka bar gurbinsa fili, kada ka cike shi da zato.

Alamtarwa tana da tarko. Mujiya a wurin Bahaushe abar ƙi ce, ga Girkawan da kuwa alamar hikima ce. Alhudahuda, saboda ƙissar Annabi Sulaimanu a Suratun Namli, ɗan aike ne a waƙoƙin Musulmi, kuma wanda bai san haka ba zai ga tukku kawai. Amma akwai kishiyar wannan kuskure, kuma a ganina ta fi muni a makarantu: a ce dole kowane tsuntsu ya zama sarki ko budurwa ko ɗan siyasa. Mun saba da habaici, inda belbela ci da motsin wani ke nufin mutum sananne a unguwa. Waƙar kurmi sau da yawa tsuntsun kansa take nufi. Mutuntarwa tana da alama, sai an ba shi magana ko niyya ko sarauta. In babu ko ɗaya, a ƙyale shi ya zama tsuntsu.

Karatu da ido kaɗai shi ke kashe kari. Gaɓar Hausa mai nauyi ce ko marar nauyi, kuma rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, don haka sai an furta. Ga ɗangon da aka tsara don gwaji:

Hazbiya ta yi kuka cikin tsamiya

Tafa shi: haz-bi-ya, ta-yi-ku, ka-ci-kin, tsa-mi-ya. Kowace ƙafa nauyi ne, sauƙi, nauyi, har sau huɗu, wato karin mutadarak. Kurciya da shamuwa da mujiya da mikiya duk awonsu ɗaya da hazbiya, kowace za ta zauna a gurbin ba tare da ɗangon ya karye ba. Hankaka da gauraka da belbela gaɓoɓi uku ne masu nauyi, da ka saka ɗaya za ka ji tuntuɓe. Amfanin wannan a nazari babba ne. In mawaƙi yana da sunaye biyar masu awo ɗaya ya zaɓi hazbiya, ba kari ne ya tilasta masa ba, ma'ana ce, sai ka nemo ta. A waƙar da aka fassara kuwa kada ka yi hukunci kan kari ko amsa-amo da sunan mawaƙin asali, domin aikin mai fassara kake ji. Kuma inda aka yi sabi-zarce, wato jimla ta zarce daga ɗango zuwa na gaba, kada ka ja numfashi a ƙarshen ɗango, bi jimlar har inda ta tsaya.

Kunne kuma horo yake so. Mutanen Yamai suna da bakin kogin Isa da kurmin bakin kogin Tapowa a gandun dajin W, inda aka ƙidaya tsuntsaye fiye da iri 350, sai dai a tabbatar da halin tsaron hanya tukuna. Na Tawa suna da tafkin Tabalak da kwarin Majiya. Bayan sallar asuba, kamar rabin awa kafin fitowar rana, ka zauna wuri ɗaya minti 20 ba motsi, ka ɗauki sautin da salula. Ka ware murya uku kacal, ka rubuta kowace da gaɓoɓin Hausa yadda ka ji ta, ka lura da tsawon shirun da ke tsakanin kira da kira. Ka maimaita kwana bakwai a wuri guda, sannan ka koma ga waƙar ka rera ta sau uku da ƙarfi, kana tsayawa a ƙarshen kowane baiti gwargwadon shirun da ka auna.