Idan kwamfutar Linux ta ƙi yin barci: yadda za a gano manhajar da ta hana

Kafin Linux ya kwantar da kwamfuta, sai ya tsayar da manhajoji cak, sannan wasu ayyukan kanel, wato zuciyar tsarin Linux. Daƙiƙa 20 yake jira. In ko guda ta ƙi tsayawa, sai ya fasa, ya sake duk waɗanda ya riƙe, allo ya dawo kamar ba a yi komai ba.

Kada ka yi ta maimaitawa. Buɗe dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin kanel, ka nemi layin da ke ɗauke da "refusing to freeze". A ƙasansa akwai sunan mai laifin da lambarta. Galibi za ka tarar tana matsayin D, wato tana jiran faifai ko rumbun NFS (rumbun fayiloli da ake samu ta hanyar sadarwa) ko FUSE (rumbun da wata manhaja ke gudanarwa) da ya daina amsawa. Irin wannan sau da yawa ko kill -9, umarnin kashe manhaja da ƙarfi, ba ta ji. Sai dai ka maido da hanyar sadarwar, ko ka cire rumbun kafin barci.

Don gwaji, rubuta freezer cikin /sys/power/pm_test, sannan mem cikin /sys/power/state. Zai tsayar da komai, ya jira daƙiƙa 5, ya sake. Ka tabbata ka mayar da none cikin /sys/power/pm_test bayan haka.

Ƙara lokaci a /sys/power/pm_freeze_timeout, inda 20000 ke nufin daƙiƙa 20, yana amfani ne kawai in faifan jinkiri yake yi, ba maƙalewa ba.