Yadda ake tafiyar kwanaki a markab kan Farin Nilu

Mutanenmu na Kosti, Rabak, Duwaim da Jabalain sun daɗe da sanin bahar, wato kogi, haka na Mai Wurno da Sinja a bakin Shuɗin Nilu. Masunta da yawa a waɗannan garuruwa Hausawa ne, iyaye da kakanni. Amma wanda ya saba fito daga wannan gaɓa zuwa waccan cikin rabin sa'a bai san tafiyar kwana biyu ko uku a ruwa ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 hanyoyin mota suka riƙa yankewa, mutane da dama da ba su taɓa kwana a jirgin ruwa ba suka shiga markab da iyali da kaya. Don irinsu na rubuta wannan, da kuma matasan da ke son bin 'yan'uwansu masunta zuwa sansanin su.

Fara da lokaci, kafin ka yi maganar jirgi

Kogunan nan biyu halinsu ba ɗaya ba ne. Shuɗin Nilu daga duwatsun Habasha yake gangarowa. Yakan fara cika a watan Yuli, ya kai ƙarshen ƙarfinsa daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba, ruwan ja-ja-wur da laka, ɗauke da kututture da rassan itace. Ƙarfinsa a lokacin har yakan tare Farin Nilu a Mugran, inda suke haɗuwa a Hartum. Wanda ba dole ba, kada ya ɗauki iyali ya hau Shuɗin Nilu a waɗannan makonni. A Agustan 2018 yara 'yan makaranta sama da 20 suka nutse a jihar Nahar Nil lokacin da injin jirginsu ya mutu a tsakiyar ruwan kaka, kuma tafiyar tasu gajeriya ce.

Farin Nilu ya fi sanyin hali, sai dai yana da tasa rigimar. Madatsar Jabal Awliya, da aka gama a 1937 kimanin kilomita 40 kudu da Hartum, tana riƙe ruwa har kogin ya zama kamar tafki, faɗinsa kilomitoci a wasu wurare. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar arewa ke kaɗawa, shi kuwa ruwa arewa yake tafiya. Idan iska da ruwa suka yi karo a wuri mai faɗi, igiyar ruwa ke tashi gajeru masu tsini, suna dukan gaban jirgi suna watso ruwa ciki. Mai filafilan iska yana jin daɗin wannan iska idan kudu ya nufa. Mai inji da kaya fal ba ya jin daɗinta ko kaɗan. Daga Mayu zuwa Yuli kuma lokacin habub ne, guguwar ƙura da ke rufe gaɓa cikin 'yan mintuna.

Akwai wani abu da tsofaffin lissafi ba su ƙunsa ba. Yawan ruwa yanzu a hannun masu buɗe ƙofofin madatsu yake. A Shuɗin Nilu akwai ta Sinnar tun 1925, Rusairis tun 1966, ga kuma babbar madatsar Habasha da aka fara tara wa ruwa a 2020. Ruwa kan ƙaru ko ya janye ba tare da an ga hadari ba. Don haka abin da kawunka ya gaya maka game da watan kaza shekara ashirin da suka wuce, ka riƙe shi, amma ka je mishra, wato bakin ruwan da jirage ke tsayawa, ka tambayi wanda ya dawo jiya.

Zaɓen rayyis

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane nauyi a wurina. Mutane sukan duba jirgi, su yi cinikin kuɗi, su manta da mutumin da zai riƙe akalar jirgin, wato rayyis. Je mishra da sassafe ko bayan la'asar, ka zauna wurin mai shayi, ka gaida dattawa. Ka ce, "Baba, barka da ruwa. Ina son zuwa Jabalain da iyali, wa za ka ba ni?" Sunan da ka ji daga bakin mutum biyu ko uku waɗanda ba tare suke zaune ba, shi za ka nema.

Idan kun zauna da shi, ka lura da amsoshinsa. Rayyis na ƙwarai zai gaya maka inda za ku kwana, inda tudun yashi yake, da sa'ar da ba ya tafiya. Zai kuma tambaye ka yawan mutane da nauyin kaya kafin ya faɗi kuɗi. Wanda ya ce komai ka kawo zai ɗauka, kuma dare da rana duk ɗaya ne a wurinsa, ka yi masa godiya ka tashi. Ku yanke magana a gaban shaida: kuɗin ya haɗa da mai ko a'a, wa zai ciyar da yaran jirgi, me za a yi idan iska ta tsayar da ku kwana guda. Ka ba da rabi, rabi sai an isa.

Sai ka duba jirgin da idonka. Markab na katakon bagaruwa yana da ƙarko, kuma ɗan ruwa a ƙasansa ba abin tsoro ba ne. Abin dubawa shi ne ko ruwan na ƙaruwa: a kwarfe shi tas, ka dawo bayan sa'a guda ka gani. Na ƙarfe kuwa ka bi wuraren walda da tsatsa, ka tuna cewa idan ya cika da ruwa ƙasa zai yi kai tsaye. A ta da inji a gabanka. Ka tambayi fulogi na ajiya, igiyar ta da inji ta biyu, filafilai biyu, doguwar gora, anga da igiya mai tsawo, da tocila mai ƙarfi. Mai ya wuce lissafin tafiyar da aƙalla kashi ɗaya cikin uku, domin fuskantar iska na shan mai fiye da yadda ake zato.

Takardu da guzuri

Kowa ya riƙe shaidarsa ta ɗan ƙasa, yara da takardar haihuwa, duk a cikin leda biyu a ɗaure a jiki, ba a jaka ba. Akwai shingayen bincike a bakin ruwa kamar yadda suke a titi, kuma dokar zirga-zirga a kogi na canzawa daga jiha zuwa jiha, wani lokaci a hana tafiyar dare gaba ɗaya. Tambayi hukumar mishra kafin ranar tashi. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton gada, madatsa ko tashar ruwa. Wanda ya nufi kudu ya sani cewa bayan Jabalain akwai Joda, kuma tun 2011 abin da ke gaba ƙasar Sudan ta Kudu ce.

Ka riƙe kuɗi a hannu, ƙananan takardu. Bankak, manhajar biyan kuɗi ta waya, na aiki inda akwai layi, amma mai kifi a tsibiri ba zai jira layi ya dawo ba.

Abinci kuwa mai sauƙi ne: busasshiyar kisra, garin asida, dakwa, albasa, dabino, wake, man girki, shayi da sukari, gawayi. Kifi kuna samunsa a hanya, bulti ko garmut, wani lokaci ijil idan an yi sa'a.

Ruwan sha ne ke buƙatar magana mai tsawo. Mutum yana zaune a kan ruwa sai ya ɗauka ya huta da wannan damuwa, alhali nan cutar take. A Fabrairun 2025 kwalara ta kwantar da mutane da yawa a Kosti bayan tashar ruwan gari ta tsaya, jama'a suka koma ɗiba daga kogi. Ka taso da jarkokin ruwa mai tsabta gwargwadon abin da jirgi zai ɗauka. Idan ya ƙare, a ɗebo daga tsakiyar kogi inda ruwa ke gudu, a daka ƙwayar zogale a zuba kamar yadda iyayenmu mata ke yi don laka ta kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta, sannan a tafasa ko a sa ƙwayar kulorin. Zogale na kwantar da laka ne, ba ya isa shi kaɗai. A jakar magani a sa gishirin zawo. Idan babu, lita guda ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A ƙara maganin zazzaɓi, bandeji, da gidan sauro ga kowane mutum.

Lodi da zama

Kaya masu nauyi ƙasa da tsakiya, a ɗaure su kada su gangara gefe guda. Jarkokin mai can baya, nesa da inda za a hura wuta. A bar wuri a buɗe a ƙasan jirgi inda za a riƙa kwarfe ruwa. Bayan kowa ya shiga, ka leƙa gefe ka ga abin da ya rage tsakanin bakin jirgi da ruwa. Idan bai kai kamu guda ba a kogi mai faɗi, a sauke wani abu. A nan ne ake jin kunya, ga maƙwabci ya kawo buhu biyu yana roƙo, ga wata baiwar Allah da 'ya'yanta. Ka bar rayyis ya ce a'a, kai kuma ka goya masa baya.

Rigar kariya ta fi komai, kuma yara ne farko. Inda ba a samu ba, jarka marar komai mai murfi a ɗaure, da igiya a hannunta, tana riƙe babban mutum a saman ruwa. Kowa ya san tasa. Iyaye mata su sassauta naɗin tobe, maza su cire takalma masu nauyi, kuma kada a goya jariri da ɗauri mai wuyar kwancewa. Yara a tsakiya, kowane yaro da babban da ke kula da shi da suna.

Yinin ruwa

Ana tashi da an sallame asuba, domin da safe ruwa ke kwance. Zuwa hantsi iska ta fara, da azahar ta yi ƙarfi, rana kuma na dukanka daga sama da daga ruwa. Rumfar buhu ko tabarma a kan sanduna huɗu ta wadatar, amma a yi ta ƙasa-ƙasa, a kuma iya sauke ta da sauri idan iska ta tashi. Rayyis da yawa sukan raɓa gaɓa su huta tsakar rana, a ci abinci, mata da tsofaffi su sami wurin kewayawa. Ka nemi wannan tsayawar tun a ciniki, kada ka bar surukarka ta yini tana jin nauyin magana.

Shayi a jirgi ba a rasa shi. A sa kanun, wato murhun gawayi, cikin faranti mai yashi, mutum guda na riƙe da buta. Girki mai nauyi sai an sauka.

Wani ya zauna gaba yana duba hanya. Ciyawar ruwan nan mai furen shuɗi da ta mamaye Farin Nilu tun ƙarshen shekarun 1950 takan taho dunƙule-dunƙule, ta naɗe farfela. Robobi ko jarkoki a jere a saman ruwa alamar koma ce. A rage gudu, a kewaye, a ɗaga wa masu ita hannu. Komar nan ita ce abincin gidan wani, kuma shi ne zai fara zuwa idan injinku ya mutu. Inda ruwa ya canza launi ya yi haske, ko ya riƙa yin ƙananan igiyoyi a wuri guda, yashi ne a ƙasa.

Salla ta fi daɗi a tudu, kuma tsayawar rana da ta yamma sukan ba da dama. Idan lokaci zai fita kuna ruwa, a yi ta cikin jirgi, a fuskanci alƙibla, wadda daga yankin Kosti take arewa maso gabas, a juya idan jirgi ya juya. Wanda tsayuwa za ta jefa shi ruwa ya zauna. Tafiyar da ta kai mil 48 ana yin ƙasaru a mazhabarmu ta Malikiyya. Lakar kogi ba ta hana alwala.

Idan aka hango jan bango na ƙura ko baƙin hadari, ba a shawara. Gaɓa mafi kusa, a ɗaure gaba da baya, kowa ya sauka. Idan kuma ƙaddara ta sa jirgi ya kife, muddin yana saman ruwa, a riƙe shi. Mai iyo kada ya yi gaba da ruwa, ya bi shi a karkace har gaɓa. Wanda ke tudu ya jefa igiya ko jarka kafin ya yi tunanin faɗawa, domin mai nutsewa yakan ja mai cetonsa.

Wurin kwana

A nemi masauki rana na sama, kada a kai magariba ana lalube. Tudun yashi a buɗe, inda iska ke ratsawa, ya fi bakin ciyawa, don can ne sauro da macizai da kada suke. Idan kusa da gonakin gaɓa ne, a nemi mai gona a yi sallama. Yawanci har ruwa da wuta zai ba ku, ya kuma gaya muku ko ana ganin kada ko dorina a wurin. A kafa sanda daidai bakin ruwa, a duba ta kafin barci da tsakar dare. Idan ruwa na hawa a matsar da shimfiɗa, idan yana janyewa a tura jirgi ciki kada gari ya waye yana zaune a laka. Mutum guda ya kwana a jirgi.

Yara za su so wanka a ruwan gefe mai ɗumi marar gudu, kuma nan ne dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya yake zama. A hana su. A ɗebo ruwa a dafa shi, ya huce, a yi musu wanka a tudu. Wanke-wanke ma a ɗebo a koma nesa da baki, musamman da almuru da asuba.

Idan kun isa, a sauke mutane kafin kaya, ɗaya bayan ɗaya, jirgi a ɗaure. Ka cika wa rayyis kuɗinsa a gaban yaransa, ka karɓi lambarsa don komowa. Cikin makonni biyu duk wanda ya yi zazzaɓi a gwada shi maleriya a ranar. Wanda ya ga jini a fitsari, ko bayan wata biyu ko uku ne, ya je asibiti ya faɗa musu ya shiga ruwan kogi. Maganin tsargiya, praziquantel, ana ba da shi ne gwargwadon nauyin mutum, don haka a tafi da mai ciwon a auna shi.