Ga masu gyaran tarihin marubuci a Wikipedia

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Idan mutum uku ko huɗu za su haɗu a kan maƙala guda, misali ta Alhaji Abubakar Imam, ku fara raba aikin a shafin tattaunawa: wani ya ɗauki haihuwa da karatu, wani littattafai, wani aikin jarida. Kowa ya danna gyaran sashensa kaɗai. In mutum biyu suka buɗe shafin baki ɗaya a lokaci guda, wanda ya adana daga baya gyaransa na iya cin karo da na farko, sai ya sake haɗa aikinsa da hannu.

Shekaru ne suka fi jawo gardama. An shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja a 1933, littafin ya fito a 1934, sai mutane su riƙa cakuɗa su. Ku rubuta kowace da abin da ya faru a cikinta, ku saka madogara da sunan littafi, shekara da lambar shafi. Haka ma zamansa editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 da rasuwarsa a 1981. In kun gyara shekara, ku duba Wikidata, rumbun bayanan da Wikipedia ke amfani da shi, domin akwatin bayani na gefen maƙala can yakan ɗauko ta.

Ku cire kirari irin "gwarzo" ko "fasihin fasihai", ku bar aikinsa ya shaide shi. Kada ku kwafo sakin layi daga littafi ko hoto daga Facebook, haƙƙin mallaka zai sa a goge su.