Yadda za ka shirya daga Kaduna ka ƙetare Thorong La da ƙafarka

Tun da na dawo daga Nepal, duk wanda ya zauna kusa da ni a majalisarmu ta Tudun Wada tambayarsa ɗaya ce: "Malam, nawa ka kashe?" Ni kuwa sai in ce masa ya bar maganar kuɗi tukuna, ya gaya mini jininsa AA ne ko AS. Sai a yi dariya, a ɗauka zolaya nake yi. Wallahi ba zolaya ba ce, daga nan shirin yake farawa.

Tafiyar da nake magana a kai ita ce zagayen tsaunin Annapurna, a cikin jerin duwatsun Himalaya. Kana kwana a ƙauye, gari ya waye ka saɓa jaka ka nufi na gaba, kullum sama kake yi, har ranar da za ka ƙetare mashigar da ake kira Thorong La, mai tsayin mita 5,416 daga saman teku. Don ka gane abin da lambar nan take nufi: Kaduna tana wajen mita 600 ne, Jos da muke kuka da sanyinta wajen 1,200, Chappal Waddi na Taraba kuwa, wanda babu dutsen da ya kai shi tsawo a Najeriya, mita 2,419. Garin Chame, inda muka kwana a daren farko na tafiyar ƙafa, ya riga ya fi shi bisa. A can ƙolin mashigar, duk numfashin da ka ja, abin da yake shiga huhunka na oksijin bai wuce kusan rabin na bakin teku ba.

Shi ya sa na ce jini. Mai sikila, SS ko SC, wannan tafiya ba tasa ba ce, kada ma ya sa ta a rai. Mai AS, wanda a gida lafiyarsa ƙalau, shi ma ƙarancin iska na iya taɓa masa saifa a irin wannan tsayi. Mu uku muka ƙulla niyya, ɗayanmu AS ne, likita ya zaunar da shi ya yi masa bayani, ya haƙura ya raka mu tashar jirgin ƙasa ta Rigasa kawai. Ka je asibiti tun kafin ka biya ko sisi, a duba jini, a auna hawan jini, a saurari zuciya da ƙirji. A nan ne kuma za ka tambayi likita maganar Diamox, ƙwayar da ke taimaka wa jiki sabawa da tsayi. Kada ka saya a kemis don wani ya ce. Tana sa yawan fitsari da wani zir-zir a yatsu, kuma ba kowane jiki take karɓa ba.

Sai takardu. Mafi yawan baƙi a filin jirgin Katmandu, babban birnin Nepal, ake buga musu biza, amma mai fasfon Najeriya ba ya cikinsu: dole ka samo bizarka daga ofishin jakadancin Nepal kafin ka tashi. Ka fara wannan da watanni, domin shi ne ya fi cin rai a duk shirin. Ka haɗa da katin rigakafin shawara. Tun Afrilun 2023 hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar ta ce baƙo ya riƙa shiga waɗannan hanyoyi da jagora mai lasisi, ta hannun kamfani mai rajista, kuma kamfanin ne zai ciro maka takardar shiga yankin Annapurna. Ko da babu wannan doka, ni dai ba zan ba ɗan Kaduna shawarar ya tafi shi kaɗai ba. Mutumin da bai taɓa taka dusar ƙanƙara ba, ina shi ina karanta yanayin sama a Himalaya?

Wajen zaɓen kamfani, kada hotuna su ruɗe ka, kowa yana da hoto mai kyau. Ka ce su turo maka jadawalin kwanaki, ka duba abu ɗaya: akwai ranar hutu a garin Manang, kafin a kai mashigar, ko babu? Wanda ya ce zai ƙetarar da kai cikin kwana biyar don ya rage maka kuɗi, araha ce da ba ta ado. Ka tambaye su ko ɗan dakon da zai ɗauki jakarka yana da inshora da takalmi da rigar sanyi, kuma kilo nawa ake ɗora masa. Mu biyu muka haɗa kayanmu a jaka ɗaya, kilo ashirin, ba mu yarda ya wuce haka ba. Kai ma sai ka yanki inshorar da ta rubuta ƙarara cewa ta ƙunshi tafiyar ƙafa har mita 6,000 da ɗauko mutum da jirgi mai saukar ungulu. Yawancin inshorar tafiya da ake sayarwa tare da tikiti ba ta kai nan, sai ka karanta ƙananan rubutun. Lokacin zuwa kuwa Oktoba da Nuwamba, ko Maris zuwa Mayu. Yuni zuwa Satumba damina ce, hanya na zaftarewa.

Horon jiki a nan gida za ka yi shi, wata uku aƙalla. Kuskuren da na fara yi shi ne gudu. Ina zagaya Murtala Square da asuba ina jin kaina zakara, alhali dutse ba gudu yake nema ba. Abin da yake nema shi ne ka yi tafiyar awa shida yau, gobe ka tashi da ciwon cinya ka sake yin wata shidan. Daga baya na koma cusa robobin ruwa a jaka, kilo bakwai, in fita bayan sallar asuba ranar Asabar daga gida har Kawo in dawo, Lahadi in maimaita. 'Yan acaɓa har sun gane ni, suna tsayawa suna cewa, "Baba, mai ne ya ƙare?" A tsakiyar mako kuma matakalar bene, hawa da sauka, minti arba'in. Saukar ka fi ba muhimmanci, zan gaya maka dalili. Idan da hali ka je Dutsen Kufena a Zariya ko duwatsun Shere a Jos ka ji yadda tsakuwa ke zamewa a ƙarƙashin ƙafa, amma ka tambayi mutanen wurin halin tsaro kafin ka kama hanya. Sai dai ka sani, duk horon nan ƙafa yake gyarawa. Babu inda za ka koya wa huhunka mita 5,000 a Najeriya.

Kaya ba sai ka tara ba. Rigunan ciki masu ɗumi, suwaita, hular sanyi da safa mai kauri, duk na tsinto su a gwanjon Kasuwar Barci. Ka guji auduga a jikin fata, in ta sha gumi ba ta bushewa, sai ta zame maka ƙanƙara. Babbar rigar sanyi da jakar barci da sanduna biyu, hayarsu ake bayarwa a unguwar Thamel ta Katmandu, ba sai ka saya ba. Takalmi ne kaɗai ban yarda a yi masa rowa ba: mai rufe idon sawu, wanda ruwa ba ya shiga, da ɗan sarari a gaban yatsu. Ka saye shi da wuri ka yi duk horonka a cikinsa, ya gama yi maka bororo a Kaduna inda akwai mai jinya. Ƙara da baƙin tabarau, tocilan ta goshi, ƙwayar tace ruwa, da man kaɗanya. Wanda uwargida ta cusa mini a gwangwani ina mita, shi ya ceci leɓɓana, har Turawan ayarinmu suna miƙo yatsa. Guzuri kuwa dabino, gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Kilishi ka bar shi a gida, mutanen ƙasar suna girmama saniya, doka ma ta hana yanka ta.

Daga Katmandu mota ce zuwa Besisahar, sai jif a kan wata hanya da ta sa na daina zagin titunan unguwarmu, har Dharapani. Daga nan ƙafa, kana bin kogin Marsyangdi. Masauki ɗakunan katako ne, gado biyu, babu abin ɗumama ɗaki sai murhu ɗaya a ɗakin cin abinci. Cajin waya da ruwan zafi duk da kuɗinsu, kuma kuɗin yana hawa yadda kake hawa, don haka ka riƙe takardun rupi, kuɗin Nepal, tun daga ƙasa. Abinci ka tsaya a kan dal bat, shinkafa da romon wani ɗan ƙaramin wake da ganye. Ana ƙara maka ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma ya raba ka da tambayar wa ya yanka naman. In kun haɗu da ayarin alfadarai a siririyar hanya, ka raɓe ta ɓangaren dutse, kada ka tsaya ta bakin rami.

Maganar salla ka zauna da malaminka kafin ka tafi, ya warware maka ƙasaru da haɗa salloli da taimama, domin akwai asubar da za ka tarar ruwan buta ya daskare. Wani abin da ya ba ni dariya: mu da muka saba cewa "fuskanci gabas", a can alƙibla yamma take. Ranar farko sai da na juya dardumata sau biyu. Jagoranmu ba Musulmi ba ne, amma tun kwana na biyu shi yake duba agogo ya ce mu tsaya a nan, akwai fili.

Yanzu ga inda tafiyar take. Da zarar an wuce mita 3,000, ƙa'idar likitocin tsauni ita ce wurin kwananka na yau kada ya fi na jiya da sama da mita 500, kuma duk bayan kwana uku ko huɗu a huta kwana guda. Manang tana wajen mita 3,500, a nan ake hutun, kuma akwai ƙaramin asibitin ƙungiyar ceto ta Himalaya da ke yi wa matafiya bayanin ciwon tsauni a lokacin da ake yawan zuwa. Ka je ka saurara. Alamun farko ciwon kai, tashin zuciya, rashin son abinci, rashin barci. Mai waɗannan ba ya ƙara hawa sai sun lafa. In kuwa mutum ya fara tangaɗi kamar mashayi, ko maganarsa ta rikice, ko yana haki alhali a zaune yake, ko tari mai kumfa, to ruwa ne ya fara taruwa a ƙwaƙwalwa ko huhu. Maganinsa sauka, nan take, ko da tsakar dare ne.

Ni kaina na kusa jawo wa kaina. Kalmar da jagoranmu ya fi faɗa ita ce "bistari, bistari", wato sannu-sannu, ni kuwa ranar shiga Manang na ga wata tsohuwa Bajamushiya tana gabana, girman kai ya motsa, na wuce ta da sauri. Da daddare kaina kamar ana daka sakwara a ciki. Da safe ya tambaye ni yaya na kwana, na ce lafiya lau, irin amsarmu ta gida. Ya dube ni, ya dubi farantin da ban taɓa ba, ya zana layi a ƙasa da sandarsa ya ce in taka shi ƙafa bayan ƙafa. Na taka daidai, amma duk da haka ya ƙara mana kwana ɗaya a Manang. Na ji haushi a ranar. Tsohuwar kuwa ta wuce abinta tana ɗaga mini hannu. Don Allah, in jagora ya tambaye ka jikinka, ka ajiye "alhamdulillahi, da sauƙi" ka faɗa masa ainihin abin da kake ji. Kuma in ya ce yau ba a ƙetarawa saboda sama ta ɓaci, kada ka kawo masa maganar tikitin komawa. A Oktoban 2014 guguwar dusar ƙanƙara ta kashe sama da mutum 40 a wannan yanki, da yawansu a kusa da wannan mashiga.

Daga Manang kwana ɗaya a Yak Kharka, ɗaya a Thorong Phedi, gindin mashigar. Daren nan ka kwana da wayarka da batir da robar ruwa a cikin jakar barci, in ba haka ba sanyi ya shanye su. Ƙarfe huɗu na asuba ake tashi, saboda iska tana ƙarfi a sama in hantsi ya yi. Ba ka ganin komai sai fitilun mutane a jere suna hawa cikin duhu. Taku goma, tsayawa, numfashi uku, haka na yi ta yi. Sau uku ina ganin tudu in ce shi ne ƙarshe, sai wani ya ɓullo a bayansa. Wajen ƙarfe tara muka iso: tarin duwatsu, ƙyallaye masu launi-launi na addu'ar mabiya Buddha suna kaɗawa, allo mai lambar 5,416, da wata 'yar bukka da ake sayar da shayi. Na sha kofi ɗaya, na ci dabino uku da suka yi tauri kamar tsakuwa. Minti ashirin jagora ya ba mu.

Sauran aikin, wanda ba a ɗaukar hotonsa, shi ne gangarowa mita 1,600 zuwa Muktinath a rana guda, a kan tsakuwa mai zamewa, da ƙafar da ta riga ta gaji. Nan ne saukar benen nan take biyan ka. Ka tsawaita sandunanka, ka ɗaure igiyar takalmi tamau don kada yatsu su riƙa dukan gaba, ka taka gajere-gajere. Abokina da ya raina wannan horo da baya-baya ya ƙarasa awa ta ƙarshe, farcensa biyu suka yi baƙi. A daren nan ne ake haɗa kuɗin alheri a ambulan a ba jagora da ɗan dako, kowa nasa daban, a hannunsa, don haka ka ware shi tun daga Katmandu. In za ka kira gida kuma ka tuna agogonsu yana gaban namu da awa huɗu da minti arba'in da biyar. Ni na manta, da gari ya waye na buga wa Hajiyarmu ƙarfe bakwai na can, ta ɗauka a firgice tana tambayar wa ya rasu.