Yadda Ake Farfaɗo da Tsohon Banjo Mai Tsirkiya Huɗu

Banjo mai tsirkiya huɗu, wani abin kiɗa mai dogon wuya da fata irin ta ganga, ya yi tashe a Amurka wajen 1920, zamanin kiɗan jaz, inda kamfanoni irin su Vega da Gibson suka yi ta ƙera shi. Idan irinsa ya shigo hannunka, kada ka yi gaggawar ɗaure tsirkiya.

Fara da wuya. Ɗora doguwar rula a kansa ka duba ko ya lanƙwashe. Da yawa cikin na wancan zamani ba su da ƙarfen da ke miƙar da wuya a ciki, shi ya sa tsirkiya mai kauri take tanƙwara su. Sa siririya.

Sai fatar, wadda galibi faɗinta inci 11 ne, amma auna naka kafin ka sayi sabuwa, don tsofaffin ba su cika zuwa daidai ba. Ƙugiyoyin da ke riƙe fatar, in sun yi tsatsa, a ɗiga musu mai, a bar su su kwana, kada a murɗe da ƙarfi su karye. Wajen ɗaurewa, kwatan juyi kawai ga kowane noti, wannan gefe sannan wanda ke fuskantarsa. Fatar maraƙi da ka ɗaure tamau da damina, hunturu na zuwa za ta tsage.

Jakin, wato ɗan katakon da ke tallafe tsirkiya a kan fata, ba a manne yake ba. Auna daga inda tsirkiya ta fara a saman wuya zuwa gaɓa ta 12 (gaɓoɓi su ne ƙarafan da ke gicciye a wuya), ka maimaita wannan tsawon daga gaɓar zuwa kan fata, nan ne mazauninsa.

Fentin asali kuwa a bar shi, tsumma mai laushi ya isa. Sabon fenti darajar kayan yake karyawa.