Kurakuran da aka fi yi wajen sa wa tsohuwar Amiga katin ƙara gudu

Amiga 500, kwamfutar gida ta kamfanin Commodore, ta fito a 1987 da ƙwaƙwalwa (wato farosesa) Motorola 68000 mai gudun megahaz 7 da ɗoriya. Yau ana zare ƙwaƙwalwar a dasa katin ƙara gudu a gurbinta: PiStorm mai aiki da 'yar ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi 3A+, ko TF536 mai ɗauke da ƙwaƙwalwar 68030 a megahaz 50. Idan aikin ya ƙi, katin ake ɗora wa laifi, alhali galibi wuta ce.

Akwatin wutar da ya haura shekara talatin yana iya riƙe na'urar ita kaɗai, amma da an ƙara masa lodi sai ya gaza. Alamarsa ita ce daskarewa, ko ta mutu ta tashi da kanta. Ka ɗora mita a kan layin bolt 5 tana kunne, kati na ciki. In ya sauka ƙasa da 4.75, sauya akwatin. Wanda aka kawo daga Amurka na 110 ne, tamu kuwa 230 ce, don haka karanta bayansa kafin ka jona. Akwatin wutar wata kwamfutar, Commodore 128, ya fi haɗari: bakinsa mai kusurwa huɗu ya yi kama da na Amiga, amma yana turo bolt 9 na AC, yana kuma ƙona fanel. Da yadda ake ɗaukewa da kawo wuta a Zariya, sa sitabilaiza ya zama dole.

Sai ɗora sabo a kan ruɓaɓɓe. Amiga samfurin A500 Plus da katin ƙarin memori na A501 suna da batirin Varta mai zubar da ruwa yana cin layukan tagulla. In ka ga kore-kore a gindinsa, datse shi, goge wurin da binega, ka bi da sifirit. Samfurin A600 da A1200 kuma kafasitocinsu (ƙananan kayan tara wuta a kan fanel) ne ke yoyo, har sukan yi ƙarnin kifi in dalma ta taɓa su. Wannan aikin mai hannu ne. Mai gyaran waya a PZ ko Sabon Gari da ya saba da ƙananan kaya zai iya.

Ƙwaƙwalwar 68000 ta Amiga 500 tana da ƙafa 64. Kada ka ɓanɓare ta daga gefe guda; ɗaga nan kaɗan, can kaɗan, har ta fito a miƙe. Duba inda ɗan tsagin kanta ya fuskanta tun kafin ka cire, domin juya kati baibai na iya kashe shi. Bayan ka danna, haska tocila ta gefe: ƙafa ɗaya da ta lanƙwashe ƙarƙashi ta isa ta hana hoto fitowa. Murfin ƙarfen ciki kada ya taɓa katin. Da hunturu, lokacin da mayafi ke tartsatsi cikin duhu, ɗaura abin hannu mai sauke wutar jiki.

Kickstart, wato guntun da ke tayar da Amiga, in 1.3 ne bai san tashi daga IDE (mahaɗin faifan ajiya) na TF536 ba, sai ka sa 3.1. Tsofaffin wasannin da suka rikice saboda gudu kuwa, ba lalacewa ba ce, an rubuta su ne a kan saurin 68000. Manhajar WHDLoad ke daidaita su.

Zafin Maris da Afrilu na sa Raspberry Pi ya rage gudu da kansa. Manna masa ƙarfen sanyaya, ka share ƙura da burushi mai laushi bayan kowane hunturu.